Tsabtar Hannu Lokacin Ciyar da Tsofaffi Marasa Lafiya a Gwandu da Kalgo, Jihar Kebbi

Tsakure

Maƙalar ta nazarci yadda cututtukan ciki ke isa ga tsofaffi ta hannun mai ba su abinci. Ta dogara da ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2009 da binciken da masana suka wallafa, ta auna su da tsarin jinya na ƙasar Gwandu.

Gabatarwa

A Turai, gidajen kula da tsofaffi kan ɗauki wani ɓangare na nauyin jinyar dattawa. A Gwandu da Kalgo kuwa, dattijo a ɗakinsa yake tsufa, 'ya'ya da surukai da jikoki na yi masa hidima. Ko an kwantar da shi a babban asibitin Gwandu ko asibitin gwamnatin jiha da ke Kalgo, daga gida ake kawo tuwon shinkafa da kunu, dangi ke ba shi a baki. Ke nan hannun mai jinya ne mashigar cuta ta farko.

Tattaunawa

Ƙwayoyin kwalara da taifot daga bayan gida suke bi zuwa baki. Mai jinyar da ta zubar da fo ta koma ta gutsura wa tsoho tuwo tana iya ɗauko su ba ta sani ba. Garkuwar jikin tsoho ta yi rauni, gudawar kwana biyu kan ƙarar masa da ruwan jiki. A 2021 kwalara ta kashe sama da mutum 3,600 a Nijeriya, Kebbi na cikin jihohin da ta shafa.

Matsala ta biyu ita ce kwanon wanke hannu guda da ake zagayawa da shi: na ƙarshe a dattin na farko yake tsoma hannu. Buta ta fi, domin ruwanta zubowa yake ya wuce. Nazarin Curtis da Cairncross na 2003 ya nuna wanke hannu da sabulu na rage haɗarin gudawa da kashi 42 zuwa 47 cikin ɗari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade daƙiƙa 40 zuwa 60 don wankin sabulu, a cuɗa tsakanin yatsu da kan farce. Man tsabtace hannu ba ya wadatarwa idan akwai datti a bayyane.

Kammalawa

Al'ummar da ke alwala kullum ta saba da buta, sabulu ne kawai zai ƙaru. Ya kamata asibitoci su ajiye ruwa da sabulu a ƙofar kowane ɗakin kwanciya, ma'aikatan jinya su nuna wa dangi yadda ake wankin tun ranar kwantarwa, limamai kuma su riƙa tunatarwa. A wanke hannun tsohon shi ma kafin ya ci. Iyayen da suka raine mu sun cancanci mu ciyar da su da hannu mai tsabta.