Daga Bagadaza Zuwa Gindin Kuka: Tarihin Jera 'Ya'ya

'Yan uwana ɗalibai, ran da na fara zama gasar ces a wasannin jami'o'i na NUGA, ban kai motsi ashirin ba aka gama da ni. Abokin karawata ya ce mini ai ban san buɗin Ruy Lopez ba. Haushin wannan magana shi ya tura ni laburare.

Ashe wasan nan da muke kira darar Turawa aro suka yi. A Indiya ya tsiro wajen ƙarni na 6, ya shiga Farisa, Larabawa suka karɓe shi suna ce masa shaɗaranji. A Bagadaza, zamanin Abbasiyawa, gwanaye irin su al-Adli da as-Suli, wanda ya rasu wajen 946, sun rubuta littattafai a kan abin da suke kira ta'abiya, wato yadda mutum zai jera rundunarsa kafin a gwabza. Ta Andalus wasan ya shiga Turai. Wajen 1475 mutanen Sifen suka sake dokokinsa, waziri mai taku ɗaya ya koma sarauniya mai ratsa allo duka, tsofaffin ta'abiyoyi suka daina aiki. Shi kuwa Ruy Lopez ɗin nan limamin Kirista ne a Sifen, littafinsa bai fito ba sai 1561, shekaru ɗari shida bayan as-Suli. Ko a ƙasarmu, Barebari suna da nasu mai suna tsatsarandi, kunne ma ya ji danginsa da shaɗaranji.

To, mu a Boyekai, da Wurno, da Rabah, da Goronyo, dara muka gada: gurbi 30 a ƙasa, kowa da 'ya'ya 12, wannan tsinke, wancan tsakuwa. Wanda ya jera uku a layi ya ci ɗan abokinsa. Amma duk wanda ya zauna da dattawa a gindin kuka ya san tun wurin dasa 'ya'ya ake cin dara, kafin kowa ya motsa. Ta'abiya ke nan, ba ƙari ba ragi. Bambancin kawai, tasu an rubuta ta an raɗa mata suna, tamu tana cikin kawunan tsofaffi, tana bin su kushewa ɗaya bayan ɗaya. Mu kuma da muke da alƙalami mun buge da haddar buɗin Sisiliya.

Hutun da ya wuce na ɗauki takarda na je wurin kakana, na ce ya nuna mini dasawarsa in rubuta. Ya dube ni, ya share ƙasa da tafin hannu, ya haƙa gurabe, ya ce in zauna in sha kashi tukuna.