Ciwon Dajin Maƙoƙo: Abubuwan da ke Jawo Mutuwa da Waɗanda Suka fi Shiga Haɗari

A gaban wuyan ɗan Adam, ƙasa kaɗan da maƙogwaro, akwai wata 'yar halitta da likitoci ke kira tayirod, wadda ke sarrafa yadda jiki ke amfani da abinci. Kumburinta shi ne maƙoƙo. Mafi yawan maƙoƙo ba ciwon daji ba ne, sai dai ana samun daji a cikin kaɗan daga ciki, kuma mata sun fi maza kamuwa da kusan ninki uku.

Alƙaluman cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a shekarar 2022 mutane kimanin 821,000 ne suka kamu a duniya, kimanin 47,500 kuma suka rasu. Wato yana cikin nau'o'in dajin da aka fi warkewa daga gare su. A ƙasashen da ake gano shi da wuri, da yawa daga cikin masu cutar sukan tsufa har ajalinsu ya zo ta ciwon zuciya ko wani dajin daban. A karkararmu kuwa, jinkiri ne babban abin tsoro, domin a kan zauna da kumburin shekara da shekaru tunda ba ya ciwo.

Haɗarin ya danganta da nau'in cutar. Nau'in fafilari shi ya fi yawa, kuma ya fi sauƙi. Nau'in folikula, wanda aka fi gani a yankunan da ke da ƙarancin sinadarin aidin, yana bin jini ya sauka a huhu ko ƙashi. Mafi muni shi ne anafilastik, wanda ya fi kama tsofaffi, sau da yawa a kan maƙoƙon da ya daɗe. Yana girma cikin makonni, kuma galibin masu shi ba sa kai shekara guda. Idan cutar ce ta yi kisa, yawanci ta hanya uku ne: ta mamaye huhu numfashi ya gagara, ko kumburin ya danne hanyar iska, ko ya ci jijiya jini ya ɓalle. Waɗanda suka kai shekara 55 zuwa sama, da waɗanda cutar ta riga ta fita daga wuya, su ne suka fi shiga haɗari.

Akwai kuma haɗarin da ke biyo bayan aiki. Wanda aka cire wa tayirod gaba ɗaya zai sha ƙwayar tayiroksin har ƙarshen rayuwarsa. Barin ta saboda an ji sauƙi, ko saboda kuɗi sun yanke kafin kaka, yana kassara jiki. Shan fiye da ƙima kuma yana rikita bugun zuciya, ya raunana ƙashi.

Ana kira ga mazauna Dawanau da sauran garuruwan Ƙaramar Hukumar Dawakin Tofa da su gaggauta zuwa asibiti idan kumburin wuya ya yi tauri, ko ya soma girma da sauri, ko murya ta dishe ta ƙi washewa, ko haɗiya da numfashi suka yi wuya. Kada a kai wa wanzami ya tsaga ko ya yi sakiya, don wurin cike yake da jijiyoyin jini. Daga asibitin kusa ake tura marar lafiya zuwa manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda ake ɗaukar hoton wuya, a ɗebi samfuri da allura a tantance.

Tun shekarar 1993 Nijeriya ta wajabta sanya aidin a gishirin ci. Dagatai da masu unguwanni da jami'an duba-gari za su taimaka ƙwarai idan suka riƙa tunatar da 'yan tireda da masu awo cewa aidin yana raguwa a gishirin da aka bari a buɗe cikin rana ko damshi, saboda haka a riƙa ajiye shi a rufe.