Gangar da Ta Daina Magana Ta Koma Ihu

A shekarar 1987 ƙungiyar Napalm Death ta birnin Birmingham a Ingila ta fitar da faifanta mai suna Scum. Makaɗinta, Mick Harris, shi ake cewa ya raɗa wa wani salon kiɗa suna blast beat, wato bugun aman wuta. Ba shi ya ƙago salon ba, domin ƙungiyoyin Asocial ta Suwidin da D.R.I. ta Amurka sun riga shi tun farkon shekarun 1980.

Makaɗi yakan taka babbar ganga da ƙafa, hannu ɗaya na dukan ƙarama, ɗayan na dukan faifan tagulla, cikin saurin da kunne ba ya iya rarrabe bugu daga bugu. Mai kalangu a fagen dambe so yake gangarsa ta yi magana. Waɗannan matasa kuwa ihu suke nema, don a zamanin Margaret Thatcher masana'antun garinsu rufewa suke yi, aiki ya yi wuya.

A 1989 Pete Sandoval na Morbid Angel ya daidaita bugun, ya mai da shi gwaninta mai buƙatar horo. Yau har a Botswana ƙungiyar Overthrust tana kiɗa irin wannan.