Anacha da Asaba: Garuruwa Biyu a Bakin Kwara

Kogin Kwara, bayan ya gamu da Binuwai a Lakwaja, sai ya miƙe kudu ya nufi teku. In mutum ya bi shi cikin jirgi, zai iske manyan garuruwa biyu suna duban juna, ruwa kaɗai ya raba su. Na gabas shi ne Anacha, cikin Jihar Anambara. Na yamma kuwa Asaba ne, babban birnin Jihar Delta. Kowane da nasa sarki: ana ce da na Anacha Obi, na Asaba kuwa Asagba. Amma wajen neman abinci sun zama tamkar gari guda.

Mutanen garuruwan nan duka harshen Ibo su ke yi. A labarin da mutanen Anacha suka gada, kakanninsu daga wajen Binin suka taso, shugabansu Eze Chima, har waɗansu daga cikinsu suka haye Kwara suka kafa gari a ƙetaren gabas. Watau tun asali daga gefen Asaba suka fito. Tun kafin zuwan Turawa ana cin kasuwa a nan. Igala su kan gangaro daga Ida, mutanen Abo su kan hauro daga kudu, kowa da kwale-kwalensa, ana musayar doya da kifi da gishiri da hauren giwa, har da bayi.

A cikin 1830 waɗansu Turawan Ingila biyu, wa da ƙane, masu suna Lander, suka bi kogin har inda ya faɗa teku. Da labari ya kai Turai, sai 'yan ciniki suka yi ta zuwa neman manja. A 1857 aka kafa kanti a Anacha, a shekarar nan kuma Samuel Ajayi Crowther ya buɗe mishan. A 1886 Gwamnatin Ingila ta ba Kamfanin Neja na George Goldie izinin mulki, kamfanin ya mai da Asaba mazauninsa, ya ajiye kotu da kurkuku da soja. Mutanen ƙauyukan yamma ba su yarda ba, suka yi ta yaƙinsa, yaƙin da a ke kira Ekumeku. Ran 1 ga Janairu 1900 Gwamnati ta karɓe mulki daga hannun kamfani. Daga nan Asaba ya ja baya, ciniki ya koma Anacha, kasuwarsa ta yi ta bunƙasa har ta shiga cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma.

A 1939 aka raba Kudancin Nijeriya biyu, aka mai da Kwara iyaka. Anacha ya faɗa Gabas, Asaba ya faɗa Yamma, sa'an nan a 1963 ya koma cikin sabuwar Jihar Yamma ta Tsakiya. Duk wannan bai hana zirga-zirga ba. Motocin da suka taso daga Ikko su kan yi jerin gwano a Asaba suna jiran jirgin fito, wani lokaci har a kwana. Saboda haka aka ba wani kamfanin Faransa, Dumez, aikin gada ta ƙarfe, tsawonta wajen kilomita ɗaya da rabi. Aka gama ta a ƙarshen 1965, Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ya buɗe ta, ba a daɗe ba aka kashe shi a juyin mulkin Janairu 1966.

Gadar ba ta cika shekara biyu ba Yaƙin Basasa ya tashi. A 1967 sojojin Biyafara suka haye ta suka mamaye Yamma ta Tsakiya. Da aka koro su, suka karya ta a bayansu. Sojojin Gwamnatin Tarayya suka shiga Asaba, ran 7 ga Oktoba suka tara maza, manya da yara, suka harbe ɗaruruwa. Har yanzu mutanen garin suna tunawa da wannan rana kowace shekara. Rundunar ta yi ƙoƙarin hayewa Anacha cikin jirage, aka yi mata mummunar ɓarna, babbar kasuwa kuma ta ƙone. Sai da aka zaga ta Ida aka biyo ta tudu, kāna aka ci garin a Maris 1968. Muddar yaƙin nan kogin ya zama ganuwa, ciniki ya mutu a gefe biyu, 'yan'uwa suka rabu.

Yaƙi ya ƙare a Janairu 1970, aka gyara gada, kasuwa ta farfaɗo. A 1991 aka ƙirƙiro Jihar Delta, Asaba ya zama babban birninta, ya sāke samun ma'aikata da gine-gine. Da Anacha ya cika ya batse, 'yan kasuwa da yawa suka yi gidaje a Asaba, su haye da safe, su komo da maraice. Hausawa ma suna zaune a garuruwan biyu, suna cinikin shanu da albasa da wake. Cunkoso ya yi wa tsohuwar gada yawa, musamman lokacin Kirsimeti, sai aka gina ta biyu daga kudu da ita. Kamfanin Julius Berger ya yi aikin, tsawonta kilomita 1.6, aka buɗe ta a Mayu 2023.

To, sau da dama masu mulki sun ja iyaka a kan Kwara, amma ruwa bai san iyaka ba. Ambaliyar 2012 da ta 2022 ta ci gidaje da gonaki a Anambara da Delta baki ɗaya. Shi ya sa sha'anin kogi da gada da tsaron matafiya ya fi ƙarfin jiha guda, sai gwamnatocin biyu sun haɗa kai, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.