Lazimtar Malami da Tarbiyyar Ƙananan Malaman Jami'a

A ƙarshen zangon karatun da ya wuce, wani ɗan ƙanwata da bai cika shekara guda da samun aikin koyarwa ba a wata jami'a, wadda ba zan ambaci sunanta ba, ya iske ni a zaurena na Sabon Gari a nan Keffi, yana ɗauke da buhu cike da takardun jarrabawa. Ya zauna ya zare jan biro, ya daɗe yana juya takarda ta farko, kana ya ɗago ya ce, "Kawu, wallahi ban san inda zan fara ba, an ba ni aji, an ba ni alli, amma ba wanda ya taɓa zama da ni ya nuna mini yadda ake auna amsa." A daidai lokacin, a shagon telan da ke fuskantar ƙofarmu, wani yaro yana ta guga yana dasa maɓalli, idonsa na kan hannun maigidansa, domin ya san ba za a miƙa masa almakashi ya yanka shaddar mutane ba sai ranar da maigida ya gamsu da shi.

Tun daga ranar mas'alar take cin raina, domin kuwa idan tela yana tsoron ɓarnar yadi biyar har ya tsare yaronsa shekaru kafin ya sake shi, to wace hujja ce jami'a take da ita ta damƙa hankulan ɗaruruwan ɗalibai ga saurayin da jiya-jiya yake zaune a kan benci ɗaya da su, ba tare da wani babba ya tsaya a kansa ba?

Ba baƙon abu nake kira gare shi ba. Magabatanmu sun san ilmi ba ya kammala da haddar littafi, sai an haɗa shi da mulazama, wato almajiri ya lazimci shaihinsa, ya ga yadda yake warware mas'ala mai wuya, da yadda yake haƙuri da mai nauyin fahimta, da yadda yake kame bakinsa daga fatawar da bai tabbatar ba, har ranar da za a ba shi ijaza ya buɗe nasa zauren. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya bi Malam Jibrilu ɗan Umaru har Agadas, ƙanensa Abdullahi kuwa sai da ya wallafa littafi sukutum, Ida'un Nusukhi, domin ya ƙididdige malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu da abin da ya karanta gaban kowanne. Ijaza a wurinsu shaida ce ta mutum a kan mutum, kuma wanda ya bayar da ita yana ɗaukar alhakin wanda ya karɓa.

Kada a ce wannan tsari na zaure ne kawai, bai dace da boko ba. Farfesa Abdullahi Smith, wanda ya kafa sashen tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello bayan buɗe ta a 1962, ya kuma assasa Gidan Arewa na Kaduna a 1970, ba da yawan littattafansa ake tunawa da shi ba. Ana tunawa da shi ne da irin su Yusufu Bala Usman da Mahmud Tukur, waɗanda suka tashi a inuwarsa, su ma suka rena waɗansu. Haka Murray Last, da ya zo daga Ingila yana binciken daular Sakkwato, bai kai ga littafinsa na 1967 ba sai da ya durƙusa gaban Waziri Junaidu, aka buɗe masa rubuce-rubucen gidan waziranci.

Wanda zai yi mini jayayya zai ce ai gwamnati ba ta yi sakaci ba: a 1993 aka ɗora wa kamfanoni harajin ilmi, wanda a lokacin yake kashi 2 cikin ɗari na ribarsu, ana zuba shi a asusun da ya koma TETFund a 2011, kuma da kuɗinsa malamai masu yawa suka sami digiri na biyu da na uku a gida da waje, suka halarci tarurrukan ƙara wa juna sani. Gaskiya ne, kuma butulci ne a musanta fa'idarsa. Sai dai digiri na uku yana horar da mutum a kan bincike ne, ba ya koya masa tadrisi, balle adalci wajen ba da maki, balle tsare amana a lokacin da ɗalibi ya zo da roƙo ko da ambulan. Taron bita na kwana uku a otal kuwa bai isa ya dasa ɗabi'ar da ba ta tsira sai da tsawon zama.

Jami'o'in jihohi su ne suka fi buƙatar wannan gyara, saboda ƙuruciyarsu. Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi, wadda aka kafa a 2001, shekara biyar bayan ƙirƙiro jihar daga Filato, ta yi dacen farawa a hannun gogagge, Farfesa Adamu Baikie, wanda ya riga ya shugabanci Jami'ar Benin. Amma jami'a mai irin waɗannan shekaru, a kowace jiha take, ba ta gaji silsilar malamai mai tsawo kamar ta Ibadan ko Zariya ba, dole sai ta ƙulla tata da gangan.

Ina sane, kuma abin yana damuna ƙwarai, cewa lazimta takan rikiɗe ta zama bauta, inda ƙaramin malami zai koma ɗan ɗaukar jaka, ya yi wa babba makin takardu, ya rubuta maƙala a sa sunan maigida a gaba. Maganin wannan shi ne a fito da al'amarin fili a sa masa ƙa'ida: majalisar malamai ta kowace jami'a ta wajabta wa sabon malami zama a ajin wani babba zango biyu, su duba takardun jarrabawar farko tare, ya kuma sami ikon neman canjin mai kula da shi ba tare da fargabar ramuwa ba. Sa'an nan, tunda a yau ƙarin girma ya dogara ne kusan kacokan kan yawan maƙalun da aka buga, kuma doka ta 2012 ta ba farfesoshi damar zama har shekara 70, ya kamata kwamitin ƙarin girma ya riƙa tambayar mai neman kujerar farfesa su wa ya rena, a kuma ji ta bakinsu.

A daren da ɗan ƙanwar tawa ya zo dai, bayan sallar isha'i, na shimfiɗa tabarma, muka ɗauki takarda goma daga buhun, kowa ya ba da makinsa a ɓoye, sa'an nan muka gwada. A takarda ta huɗu muka saɓa da maki tara, muka yi kusan sa'a guda a kanta kafin ya nuna mini wata hujja a amsar ɗalibin da idona ya tsallake.