Silin Asbesto: Daga Rochdale Zuwa Ƙasar Rano

A shekarar 1900 ne wani ɗan Ostiriya mai suna Ludwig Hatschek ya fito da dabarar cuɗa siminti da zaren wani ma'adini da ake kira asbesto, a buga shi falle-falle don rufi. Wuta ba ta cin sa, gara ba ta taɓa shi, ba ya tsatsa, ga araha. Ya raɗa masa suna Eternit, kafin a jima ya bazu a Turai.

Illarsa ba ta daɗe a ɓoye ba. A 1924 Nellie Kershaw, wadda ta yi aiki a masaƙar asbesto ta Turner Brothers a garin Rochdale na Ingila, ta rasu tana da shekara 33. Likita William Cooke ya duba huhunta, ya tarar ƙurar ta ƙeƙasar da shi. A 1955 Richard Doll ya tabbatar da alaƙar ƙurar da sankarar huhu. A 1960 kuma J. C. Wagner da abokan aikinsa a Afirka ta Kudu suka nuna tana haddasa sankarar tantanin da ke lulluɓe da huhu, har ga mutanen da maƙwabtaka kawai suka yi da wurin haƙar ma'adinin.

Abin da ke ci mini rai shi ne, a daidai wannan lokaci sana'ar ta kafu a Nijeriya. An kafa Nigerite a Ikeja a 1959. Reshen kamfanin nan na Turner ya buɗe masana'anta a Emene kusa da Inugu. Daga baya Bauchi ta sami tata, Kano ta sami Giwarite.

Sai kuɗin man fetur suka shigo. Gwamnatin Audu Bako ta gina madatsar ruwa ta Tiga, nan kusa da Rurum ta ƙasar Rano, a farkon shekarun 1970, a 1976 kuma aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta, aka shiga gina ajujuwa ba ji ba gani. A ƙasar Rano da Kibiya, talaka ya saba da soron azara da ɗakin jinka. Kwano da sili sun fi zuwa ne tare da makaranta, ɗakin shan magani da gidajen ma'aikata. A irin waɗannan gine-gine, ko'ina a ƙasar nan, farin silin asbesto ya zama gama-gari. Kafintoci na yanka shi da zarto, ƙura ta bule musu fuska, su kakkaɓe su ci gaba.

A ƙasashen waje kuwa ana ta janye jiki. Ayislan ta haramta asbesto a 1983, Birtaniya a 1999, Tarayyar Turai a 2005, Afirka ta Kudu a 2008. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kowane nau'insa na jawo sankara, kuma fiye da mutum 200,000 ke mutuwa duk shekara saboda shaƙar sa a wurin aiki.

Silin da aka kafa a shekarun 1970 yanzu ya kai kimanin shekara hamsin. Muddin yana zaune lafiya ba a taɓa shi ba, haɗarinsa kaɗan ne. Matsalar tana farawa ne idan iskar farkon damina ta yaye kwano, ruwa ya jiƙa shi ya rufto, a sa ɗalibai su share, ko lebura ya farfasa da guduma a watsar a bola. Zaren ya fi ƙarfin ido, ciwon kuma yakan yi shekara 20 zuwa 40 kafin ya bayyana, da tari da sarƙewar numfashi, har a ɗauka tarin fuka ne.

Kafintoci da shugabannin makarantu na Rurum Sabon Gari da kewaye, idan gyaran tsohon sili ya taso, a fitar da yara, a yayyafa masa ruwa, a cire shi ɗungurungum ba tare da zarto ba, a ƙunshe a leda mai kauri a binne. Ƙananan hukumomin Rano da Kibiya kuma su ƙidaya gine-ginensu da har yanzu ke ɗauke da shi.