Katse Hanzari: Daga Zauren Malam Zuwa Kumbo Apollo

Duk wanda ya taɓa durƙusawa gaban malami a ɗaya daga cikin zaurukan ilimi na Gwale, ko a Mandawari ko a Galadanci a birnin Kano, har ya kai babin sallah a Risalar Ibn Abi Zaid Alƙairawani, ya san mas'alar mutumin da haɓo ya zo masa yana bin liman, wanda aka yarje masa ya fita ya wanke jinin, sa'an nan ya komo ya yi gini a kan abin da ya riga ya sallata, muddin bai yi magana ba, bai kuma taka najasa ba. Amma raka'ar da bai cika ta da sujadarta biyu ba, wannan kam ba a lissafa ta, sabuwa zai kawo. A ganina babu misalin da ya fi wannan kusa da abin da ke gudana a cikin 'yar wayar da ke aljihun ɗalibin.

Ƙwaƙwalwar da ke cikin ƙaramar waya, ko mitar wutar lantarki, umarni guda take zartarwa a lokaci guda, alhali kuwa buƙatu suna zuwa mata ta kowace fuska. Idan aka danna maɓalli ko kira ya shigo, sai wata alama ta katse mata hanzari, ta adana lambobin da ke hannunta tare da adireshin umarnin da ta tsaya a kansa, ta biya buƙatar a gaggauce, sa'an nan manhajar rabon aiki ta duba wane ne mafi martaba cikin ayyukan da ke jira, ta miƙa masa ragama. Na'urorin farko ba su da wannan hikima, su ke leƙa ƙofa bini-bini ko an yi sallama. DYSEAC, wadda aka ƙera wa sojan Amurka a 1954, tana cikin na farko da suka koyi jiran a ƙwanƙwasa.

Ranar da wannan ilmi ya sha jarrabawarsa mafi tsanani ita ce 20 ga Yuli, 1969, lokacin da kumbo Apollo 11, wanda Mamman Shata ya yi wa waƙa, wanda kuma ciwon idon da ya ɓarke a Afirka ta Yamma a shekarar ya gaji sunansa, yake gangarawa kan wata da Neil Armstrong da Buzz Aldrin. Kwamfutar kumbon ba ta da wurin rubutu da gogewa sai na kalma 2,048, kuma Hal Laning na jami'ar MIT, inda Margaret Hamilton ta shugabanci masu rubuta manhajar tafiyar, shi ya tsara mata yadda kowane aiki zai zo da darajarsa, babba ya ture ƙarami. Ana cikin sauka sai wata na'urar rada, wadda ba a buƙatarta a wannan sa'a, ta dinga aiko da saƙonni marasa fa'ida saboda saɓanin wutar da ke tsakaninta da kwamfutar, har ta cinye fiye da kashi goma cikin ɗari na lokacinta. Aikin lissafin hanya bai gama ba aka sake kiransa, wuraren ajiya suka ƙare, lambar gargaɗi 1202 ta bayyana a gaban Aldrin.

Abin da na'urar ta yi a nan shi ne abin lura, domin ba ta sandare ba: ta zubar da ayyukan da ke kanta baki ɗaya, ta tayar da wajibai kaɗai, wato tuƙi da sarrafa injin, kowanne daga matakin ƙarshe da ya kammala sarai, ta watsar da guntun da bai cika ba, tamkar raka'ar nan marar sujada. Sau biyar gargaɗin ya zo, huɗu 1202, ɗaya 1201, kuma a cibiyar kula da tafiyar da ke Houston, Jack Garman, wanda ya rubuta ma'anar lambobin a takarda tun kafin tafiya, ya tabbatar wa abokin aikinsa Steve Bales cewa a ci gaba.

Bayan haka ilmin ya sauko kasuwa cikin manhajojin rabon aiki iri-iri. Ken Sakamura ya fara shirin TRON a Japan a 1984, Nucleus ta fito a 1993, FreeRTOS ta Richard Barry a 2003, kyauta ga mai so. Da wayar GSM ta shigo Nijeriya a 2001, bayan 'yan shekaru ƙananan wayoyi masu araha, waɗanda da yawansu ƙwaƙwalwar kamfanin MediaTek ce a ciki, Nucleus kuma ke raba mata aiki, suka cika hannun jama'a daga Ƙofar Na'isa har Kabuga. Irinsu ne tsoho ke saka wa katin karatun Alƙur'ani bayan sallar asuba, kira ya shigo a tsakiyar aya, muryar mai karatu ta ɗauke, a gaisa a yi sallama, sa'an nan ta ɗora daga kalmar da ta tsaya.